Fitila Huɗu da Mukullin Ɗakin Saba

Litinin, 7 ga Afrilu, 4:15 na yamma

Na gama. Kati huɗu sun zama ɗaya. Duk wanda ya ce sai mai kwalin jami'a ne zai iya, ya hau A Daidaita Sahu ya sauka a Gyadi-Gyadi, ya tambayi Falalu.

Bari in rubuta yadda abin yake, don ranar da za a ba da tarihina kada wani sakarai ya kwaɓa shi. Cibiyar Alhaji Mu'azu tana da kwamfuta sittin a babban zaure, makarantu na kawo ɗalibai su gwada jarrabawa kafin ta gaske. Duk sittin ɗin wajen uwa ɗaya suke karɓar tambayoyi, wato saba, tana can ɗakin baya mai esi, na'urar sanyaya ɗaki. A bayanta akwai katin netwok huɗu, ƙofa huɗu ke nan. Amma tun da aka buɗe wurin nan ta ƙofa ɗaya kowa ke cusa kai, kamar ranar rabon taki. Yau na ɗaure huɗun da suna ɗaya. Saba za ta riƙa raba yara: ku bi nan, ku kuma bi can. In ƙofa ɗaya ta toshe, ukun su ɗauki kayanta.

Sati uku ina karanta wannan a waya, ƙamus a gefe, ina sauraron wani Ba'indiye a Yutub har na fara kaɗa kai irin nasa.

Mukullin ɗakin yana aljihuna. Shekara uku na yi a gaban injin fotokwafi, zafinsa na gasa min ciki, ina kwafar katin ɗan ƙasa na mutanen da ba su iya cewa sannu ba. Da mai kula da saba ya gudu Abuja, Alhaji ya miƙo min mukulli ya ce, "Riƙe kafin mu gani." Wata uku ke nan ana gani. Gaban injin nan kuwa ba zan koma ba ko za a yanka ni.

Talata, 8 ga Afrilu, 8:05 na safe

Alhaji ya zo duba aikina. Ya sunkuya bayan saba, babbar riga na share ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"Falalu, guda ɗaya ce ke ƙiftawa."

Kowane kati yana da 'yar koriyar fitila a gefensa. In kaya na wucewa tana ƙiftawa, in babu sai ta tsaya cak.

Na ce, "Alhaji, ai zaure babu kowa. Kwamfutar Anti Huraira ce kaɗai a kunne. Mutum ɗaya ƙofa ɗaya yake bi. Bari yara sittin su zauna, za ka ga huɗun suna rawa."

"Ni shekara talatin ina harkar mota. Ban taɓa sayen bas huɗu, in ga uku a inuwa, in ce aiki na tafiya ba."

"Ai ba bas ba ce."

"Ko jirgi ce. Ka ce ka raba musu aiki. Ina rabon?"

Na ce ya dawo ƙarfe sha ɗaya in ɗalibai sun cika. Ya ce sha ɗaya yana tasha a Unguwa Uku, ba zai bar direbobi su kaɗai ya zo kallon fitila ba. Yana fita ya waigo: "Akwai Habibullah, ɗan abokina, a Malesiya ya karanto wannan abin. Ko in kira shi ya leƙa?"

Malesiya. Ya faɗe ta a hankali kamar mai tsotsar alewa.

Anti Huraira, wadda ke zaune a teburin karɓar baƙi tana jin komai kamar jemage, ta ɗaga murya: "Injiniyan Yutub, an ce bas ɗinka uku sun yi faci!"

Baba Garba mai gadi ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya shigo ya ajiye gorar furarsa a ƙarƙashin esi kamar kullum, ya ce, "Yi haƙuri, ɗan nan. Mai kuɗi ido gare shi, ba kunne."

Talata, 5:20 na yamma

Akwai wata hanyar rabon. Maimakon a raba mutane, sai a raba saƙon kansa: ƙulli na farko ƙofa ta ɗaya, na biyu ƙofa ta biyu, haka bi da bi. Ko mutum ɗaya ne a zaure, fitila huɗu za su ƙifta.

Ba'indiyen ya ɗan yi wata magana a kan siwic, akwatin nan da duk wayoyin zaure ke haɗuwa a cikinsa, wai sai mai wayo. Namu na gwanjo ne. Amma Ba'indiye bai san Alhaji ba, ba a kuma taɓa yi masa barazana da ɗan abokin kowa ba.

Ban yi wani abu ba. Layi ɗaya ne na canza a tsarin saba. Bai kai a rubuta ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, 7:50 na safe

"Yawwa! Yanzu kowa ya fita aiki!"

Har bidiyo Alhaji ya ɗauka. A gaban Anti Huraira ya kira ni Injiniya, ba tare da Yutub ba. Ta haɗiye shi kamar maganin zazzaɓi. Ya wuce Wudil gaisuwar rasuwa yana murmushi.

Ƙarfe goma wata makaranta daga Darmanawa za ta kawo 'yan mata hamsin da takwas. Su zo su ga gudu.

Laraba, 2:30 na rana

Zafi ake yi yau.

Laraba, 5:50 na yamma

Na mayar da layin yadda yake da. Ba don wani abu ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, 9:10 na safe

Ba zan yi maganar jiya ba. Abin da ya wuce ya wuce.

Sai dai ina so a san cewa shugabar makarantar nan ba ta da tarbiyya. Mace mai digiri biyu ta tsaya tsakiyar zaure tana kiran mutum "wannan yaron mai kai kamar tulu". Kuma yarinyar da ta yi ta kuka a tambaya ta goma sha biyu, gwaji ne fa, ba ta gaske ba. Kwamfuta hamsin da takwas suna juya 'yar da'irar jiran nan tare, awa ɗaya da rabi, in ka cire fushi abin ma yana da kyaun gani.

Ta ce za ta sa mu a gurup ɗin shugabannin makarantun Tarauni. Ta sa.

Yau da sassafe Alhaji ya shigo ko sallama babu, ya sunkuya bayan saba.

"Huɗu na bari jiya. Yau ɗaya. Uku sun mutu. Wa ya shiga ɗakin nan?"

Na ce, "Ni ne mai shiga."

"Kai ka gyara, ba kai za ka ɓata ba. Bayan kai fa?"

Na ce wajen ƙarfe goma na ga Baba Garba ya fito da gorarsa.

Na gan shi kuwa. Wallahi na gan shi. Ban ce shi ne ba. A duba kalmomina ɗaya bayan ɗaya, ban ce shi ne ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu, 11:00 na safe

Hukunci ya fito. Baba Garba zai ƙarasa watan nan ya tafi. Kafin nan ko inuwar ɗakin saba kada ya taka. Habibullah zai zo ranar ashirin da biyu ya ga ɓarnar da gora ta yi. Mukulli yana wajena "kafin mu ji ta bakinsa".

Yana aljihuna. Na taɓa shi yanzu.

Asabar, 12 ga Afrilu, 1:00 na rana

Ban ce shi ne ba.

Litinin, 14 ga Afrilu, 3:40 na yamma

Makarantu uku sun fasa zuwa. Zaure wayam, kujeru sittin suna kallona kamar na ci musu wani abu. Da yara sun cika sau ɗaya, da fitilun nan sun tashi da kansu Alhaji ya ga katunan lafiyarsu ƙalau. To amma sai ya tambayi abin da ya faru ranar Laraba. Gara zauren a haka. A'a, ba gara ba. Oho.

Anti Huraira tana yanke farce, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Falalu, ni jahila ce, ka ilimantar da ni. Wace irin gora ce ke kashe kati uku ta bar ɗaya? Zaɓe take yi?"

Na ce harkar lantarki tana da zurfi.

"Shekara biyu tsohon nan yana ajiye fura a ɗakin, ba ta taɓa cizon kowa ba. Sai satin da ka zama Injiniya."

Na ce ta ji da farcenta, wanda ya kusa kai na shaho.

Ta ce, "Shaho dai ba ya ɗaukar tsohuwar kaza ya ce iska ce."

Wannan ba karin magana ba ne. Ita ta ƙirƙira yanzu. Na sani, don na karanta littafin karin magana guda biyu.

Laraba, 16 ga Afrilu, 2:15 na rana

Na fito yin alwala na tarar da Baba Garba a bakin get, ya lulluɓe gorar da jiƙaƙƙen tsumma. Furar ta yi tsami tun kafin azahar, na ga yadda yake runtse ido in ya kurɓa.

Ya ce, "Ɗan nan, zo."

Na je.

"Na yi ta tunani. Rigar nan tawa tana da faɗi. Wataƙila da na sunkuya ɗaukar gora, hannunta ya ja wata waya ban ji ba. Tsufa ne, jiki ba ya ba ka labari. Ka yafe ni, na jawo maka zagi a gaban 'yan mata."

Wane irin mutum ne wannan? Wa ya ce ya ba ni haƙuri? Mutum ya tsaya ya yi faɗa mana, ya rantse, ya ɗaga murya, ya kira ni maƙaryaci in samu abin riƙewa! Shekara sittin da wani abu, jikoki bakwai a Rano, ya zauna yana tuhumar rigarsa.

Na ce, "Ba komai, Baba."

Ba komai. Ni na ce masa ba komai. Na shiga ɗakin saba na kulle, na zauna a sanyi har sallar ta kusa wuce ni.

Alhamis, 17 ga Afrilu, 10:30 na safe

Na karanta bayanin ɗaure katunan nan a waya gaba ɗaya, har ƙasa, inda da na tsallake. Da manyan baƙaƙe suka rubuta shi, marasa kunya.

Abin da ke faruwa shi ne: in ana aika saƙo bi da bi ta ƙofa huɗu, siwic maras wayo sai ya ga mutum ɗaya yana leƙowa ta taga huɗu. Ya miƙa amsa nan, a ce ya koma can. Ya juya can, a ce yana nan. In mutum ɗaya ne a zaure, yana iya lallaɓawa. In hamsin da takwas ne, sai ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka.

Duk wanda ya yi irin wannan kuskuren, a wani wuri, ba lallai nan ba, ya kamata a duba irin matsin da aka yi masa kafin a zage shi.

Juma'a, 18 ga Afrilu, 3:00 na yamma

Gari cike da matsaloli, ga tsada ga rashin ruwa, amma liman bai ga abin yi wa huɗuba ba sai shaidar zur.

Talata, 22 ga Afrilu, 12:20 na rana

Habibullah ya zo. Na shirya wa mai kwat da jakar fata da Turancin "yu si, a Malesiya". Sai ga wani siriri a kan tsohon babur, da silifas, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba Garba. Tun daga nan na tsane shi.

Ya zauna gaban saba, ni ina tsaye a kansa kamar mai jiran sakamakon gwajin jini.

"Wa ya ɗaure katunan nan?"

"Ni."

"Kai! Ya yi kyau, Malam Falalu. Irin da ya dace da siwic ɗinku ka zaɓa. A ina ka koya?"

Na ce a waya. Ya ce shi ma rabin abin da ya sani a waya ne, kwalin na ratayewa a bango ne kawai. Munafuki. Wa ya ce ya yabe ni?

Sai ya buɗe inda saba ke rubuta wa kanta duk abin da aka yi mata. Na san da wurin. Na yi tunanin gogewa tun sati biyu da suka wuce, na kasa, don ban gama karanta yadda ake yi ba tare da an ga alamar gogewar ba.

Ya karanta a hankali. "Talata, biyar da minti sha biyu na yamma. Laraba, shida saura kwata." Esi na ta huci. "Fitila aka ce maka ana so?"

Na kalli silifas ɗinsa.

"Ni ma na taɓa yi. Ni ba wanda ma ya roƙe ni, burgewa kawai."

Da Alhaji ya leƙo, ya ce masa katunan huɗu lafiyarsu ƙalau, sauran bayani zai kawo a rubuce ranar Litinin. Alhaji ya ce, "To fitilun fa?" Ya ce duk yana cikin takardar.

Yana ta da babur ya ce min, ƙasa-ƙasa, "Ba na rubuta ƙarya, Malam Falalu. Amma a hankali nake rubutu."

Laraba, 23 ga Afrilu, 9:00 na safe

A hankali yake rubutu. Ji min iyayi. Da ya tona ni nan take, da yanzu na gama jin kunyar na fara zaginsa. Ya bar ni da kwana shida in yi ta soyuwa da man jikina.

Hanyoyi uku ne. In yi shiru har Litinin. In tafi Abuja. In ce saba ce ta rubuta ƙarya.

Ban san kowa a Abuja ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu, 11:45 na safe

Mai kula da fotokwafi bai zo ba. Baba Garba ya leƙo da katinsa na ɗan ƙasa a cikin leda, an naɗe ta sau huɗu.

"Ɗan nan, an ce wani gida a Darmanawa suna neman mai gadi, wai sai da kwafin kati. Kai ka iya injin nan. Ka fitar min da fuskar sosai, kada su ga kamar na tsufa."

Na tsaya gaban injin. Zafin nan dai, bai canza ba. Na buga, hoton ya fito baƙi ƙirin. Na sake, ya fito fari fat. Ni da na yi shekara uku ina wannan ido a rufe. Sau biyar.

Ya karɓa ya duba ya ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka, ya bar maka mukullinka."

Asabar, 26 ga Afrilu, 8:40 na safe

Na tare Alhaji tun bai fito daga mota ba. Na shirya magana mai tsari, da gabatarwa da komai. Abin da ya fito shi ne:

"Alhaji, kai ka ce kana son fitila!"

"Lafiya?"

"Na ce maka mutum ɗaya ƙofa ɗaya, ka ce bas, ka ce inuwa, ka ce Malesiya! To na ba ka fitila! Ni na canza layin ranar Talata, shi ya kashe zauren. Ni na mayar ranar Laraba, shi ya sa ka ga ɗaya. Babu katin da ya mutu. Baba Garba bai taɓa komai ba. Gorarsa ma ba ta taɓa komai ba."

Ya kashe motar. Ya cire tabarau.

"Wato laifina ne."

"Rabi."

"Ni na ce ka nuna tsoho da baki?"

Wannan ba ya cikin abin da na shirya.

Ya sa aka kira Baba Garba, ya ce in maimaita, a hankali, ban da ihu. Na maimaita ina kallon tayar mota. Anti Huraira ta fito har bakin ƙofa da abin yanke farcenta, don kada wani harafi ya wuce ta.

Baba ya saurara har ƙarshe. Bai zage ni ba. Ya ɗaga hannun rigarsa ya dube shi, ya ce, "Ashe ba ke ba ce."

Gara mari. Wallahi gara mari goma.

Alhaji ya ba shi haƙuri, ya ce maganar tafiya ta mutu. Sannan ya miƙo min tafin hannu. Na sa mukullin a ciki.

Lahadi, 27 ga Afrilu, 4:00 na yamma

Hannuna sai shiga aljihu yake yi.

Litinin, 28 ga Afrilu, 1:30 na rana

Habibullah ya zo da takardarsa, Alhaji ya ce ya riƙe abarsa, an riga shi. Sai ya sa muka kunna kwamfuta sittin, kowace ta buɗe jarrabawa, ya ja Alhaji bayan saba. Fitila huɗu suna ta rawa. Alhaji ya ce, "Ikon Allah! Ka ga ilimi." Abin da na faɗa tun ranar farko ke nan, kalma da kalma, amma nawa bai hau jirgi ba.

Na ɗauka shi za a ba mukullin. Ya ce yana da aikinsa, kuma wanda ya ɗaure katunan nan ya san abin da yake yi, in dai ba a tsaya masa a ka ba.

Alhaji ya jujjuya mukullin, ya ce, "Garba, karɓi."

Ga dokar. Da safe ina fotokwafi. In saba na buƙatata, in je wajen Baba Garba in gaya masa abin da zan taɓa, da Hausa, ban da kalmar Turanci ko ɗaya. In ya gane, ya buɗe min. In bai gane ba, babu shiga.

Na ce, "Alhaji, Baba ko waya mai shafawa ba ya riƙewa!"

Ya ce, "Shi ya sa. Wanda ya iya fahimtar da Garba ba zai rufe ni ba."

Talata, 29 ga Afrilu, 12:10 na rana

Makarantar Darmanawa ta yarda ta dawo ranar Alhamis. Ina so in rage lokacin da saba ke ɗauka kafin ta gane ƙofa ɗaya ta toshe. Abu ne na minti biyu.

Na je bakin get na durƙusa na gaida Baba. Ya rataye mukullin a wuya, cikin riga. Na yi bayani. Ya ce in sake. Na sake, da misalin mai gadi da ke zagaya gida yana taɓa ƙofofi. Ya gyaɗa kai, ya ji daɗin misalin.

"To, in mai gadin nan yana zagayawa da sauri-sauri haka, ya ji ƙofa ta ɗan yi motsi saboda iska, ba zai yi ihun ɓarawo a banza ba?"

Na buɗe baki. Na ce ai, wato, akwai yadda ake yi.

"Yaya ake yi?"

Na ce zan duba.

Ya mayar da mukullin cikin riga ya daddanna shi da tafin hannu. "Je ka duba, ɗan nan. Ni ina nan, ba inda za ni."

Na dawo gaban injin, mutum shida na jira da katunansu, ko ɗaya bai ce sannu ba. Na duba a waya tsakanin kwafi da kwafi.

Akwai ihun ɓarawo a banza. Shafi guda suka yi a kansa.